Shekarar Da Na Sa Aka Sare Itacen Kabari

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ga abin nan tun daga tushe, ba a bakin rijiya ya ji labari ba.

Hadiza, ke da ƙannenki mata da ƴaƴanku nake rubuta wa wannan. Kwanan baya ƴarki ta dawo daga lakwal, makarantarsu ta boko, tana kuka, wai wata ta kira ta jikar matar da ta tattake itacen matattu. Na ce ta share hawaye ta ci tuwonta. Amma da na zauna ni kaɗai sai na ga in na mutu ban faɗi nawa ba, nasu ne zai zauna a kunnuwanku. Na tsufa kafin in shiga karatun manya, hannuna ba ya sauri, don haka ba zan ɓata tawada a kan wane ya haifi wane ba. Shekara guda zan ba ku, wadda aka sare bishiyoyin turaren babanku. Ni na sa aka sare su. Ban taɓa ɓoyewa ba, ba kuma gafarar wani na zo nema a nan ba. Dalili nake so ku sani, da abin da ya biyo baya.

Ku da kuka tashi kuka tarar da su tsaye a bakin tabki, dogaye, masu farin jiki, ganyensu na ƙamshin maganin mura, kuna ganin kamar can Allah ya ajiye su. Ba haka ba ne. Damargu ba ƙasar itace ba ce, gero ne da rairayi da ƙaya. Babanku Malam Idi yana cikin masu haƙa kabari a garinmu, don Allah yake yi. Mu mata ba ma zuwa makabarta, amma matar mahaƙi ta san kabari kamar ɗakinta, don a gabanta yake wanke ƙafa yana magana. Shi ya gaya mini yadda ake yi. Ana haƙa uwa mai faɗi, a tsakiyarta a haƙa ƴa matsattsiya inda ake kwantar da mamaci, sannan a jera itace a gicciye a kan bakin ƴar, a toshe da ganye da laka kafin a mai da ƙasa. Itacen nan shi ke hana ƙasa danne mutum, shi ke hana dila tonawa. To itacen ne babu. Gawa na kwance a zaure, maza na yawo a daji da gatari, su dawo da karkatattun rassan aduwa, wani lokaci a ƙarasa da karan gero da fasassun tukwane. Wata rana ya dawo daga makabarta ya ture ƙwaryar fura bai sha ba. Ya ce dila ta tone wata tsohuwa da suka rufe da kara. A makon nan ya tafi Tanut wurin ma'aikatan gandun daji, ya dawo da ƴan tsirrai cikin baƙaƙen ledoji, ya dasa su a garkarmu.

Shi ya dasa, gaskiya ne. Amma wa ya shayar? Tabkin nan kun san shi, kafin tsakiyar rani ya zama tsagaggiyar laka. Daga nan sai rijiya, sai tulu, sai kaina. Da cikinki, Hadiza, na yi ta zirga-zirga tsakanin rijiya da garka, safe da yamma, rani bayan rani, har saiwarsu ta kai ruwa da kanta. Wuyan nan nawa da ba ya juyawa yanzu, can na bar shi. Suka tashi miƙaƙƙu, ba karkata. Duk wanda aka yi wa rasuwa sai ya zo da gatari ya yi sallama, babanku ya nuna masa reshe. Bai taɓa karɓar ko goro ba. Da nasa kwanan ya ƙare, da su aka rufe shi. Bayan shi mutane suka daina cewa turaren Malam Idi, suka koma cewa itacen kabari, suka kuma daina tsayawa a ƙofata kafin su sara. Ban yi magana ba.

Ɗana na fari, wanda bakina ba ya kiran sunansa, ku kuke ce masa Yaya Babba, ya tafi arewa neman aiki a shekarar da gero ya ƙi. Motarsu ta mutu bayan Agadas, nesa da rijiya. Waɗanda suka tsira su suka kawo labari. Ba wanka, ba likkafani, ba itace, ko karan ma bai samu ba. Bayan ƴan shekaru ƙanensa Habu ya bi hanyar, ina kuka ina hanawa. Shi ya isa Aljeriya. Can ya faɗa hannun wani mai shimfiɗa daɓen katako a gidajen masu hali da manyan kantuna, parke suke ce masa, ya koyi aikin har maigidan na barin masa ɗaki shi kaɗai. Sai aka yi kamen baƙi, aka zube su a bakin iyaka, ya dawo mini da riga ɗaya da ƙafafu a fashe. Na gode Allah. Yana son Rabi, Rabi na son shi, na yi tsaye aka ɗaura. Na ɗauka mace za ta riƙe mini shi.

Damina ta zo da ƙarfinta a farko, ta ɗauke lokacin da gero ke fidda kai. Abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Wata rana bayan la'asar na zagaya bayan rumbun neman kaza, sai na tarar da Habu zaune da basilla yana ɗinka buhu a jikin bidon ruwa, jarkar nan ta roba. Duk uwar da ke Damargu ta san wannan ɗinki. Ba a yi wa bido riga sai don Sahara, a jiƙa buhun ruwa ya yi sanyi.

"Habu, me kake ɗinkawa?"

"Ba komai, Inna. Na ruwan gona ne."

"Gonar da aka girbe? Dube ni. Ban haifi maƙaryaci ba."

Ya soke basillar a ƙasa. Ya ce, "Inna, Rabi na da ciki. Rumbu kin gan shi. In zauna in yi me, in riƙa kallon awakin mutane?"

"Yayanka ma haka ya ce."

"Kowa da kwanansa."

"Kwanansa ne, amma ƙafarsa ce ta kai shi."

Can ya ce akwai wani alhaji a Damagaram da ke gina masaukin baƙi da shaguna. Alhajin ya ga hotunan aikinsa a waya, ya ce in Habu zai samo katako, zai ba shi babban falon ya shimfiɗa, in ya yi kyau sauran ɗakunan ma nasa ne, abokansa ma za su nema. Amma katakon daga ƙetare yake zuwa, ba mai kawo shi nan.

Ya ce, "Irin da muke aiki da shi can, Inna, turare ne. Na san ƙamshinsa. Duk ran da na bi ta bakin tabki kau da kai nake yi."

"Don me?"

"Na Baba ne. Na mutane ne."

Na miƙa hannu na karɓi bidon. Na kai shi ɗakina na tura ƙarƙashin gado. Na dawo na ce masa gobe ya nemo masu gatari. Ban kwana a kan maganar ba, ban shawarci kowa ba, kuma kada wani ya gaya muku Habu ne ya matsa mini. Har ya ce in bari a yi tunani, na ce tunanin na gama shi tun ran da aka kawo mini labarin yayansa.

Kafin gatari ya taɓa bishiya, Baffanku Sale ya iso da liman. Sale ƙanen babanku ne, da majina a hanci na tarar da shi lokacin da aka kawo ni gidan nan, ni na yi masa wanka har ya yi wayo. Na yafa mayafi na fito zaure.

Sale ya ce, "Yaya Kulu, wata magana na ji, na ce ƙarya ce."

"In ta sarar turare ce, gaskiya ce. Ga tabarma, ku zauna."

"Itacen Yaya ne. Don matattu ya dasa."

"Tulu nawa ka ɗauka ka zuba masa, Sale?"

Liman ya ɗaga masa hannu. Mutum ne mai sanyi, Allah ya ji ƙansa. Ya ce, "Kulu, ba wanda ya ce ba ki da haƙƙi. Malam Idi bai ba gari itacen nan a gabana ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ki tuna kowa zai kwanta, har ke."

Na ce, "Allah gafarta Malam, na tuna. Ina da ɗa ɗaya kwance inda ba itace ba inuwa. Ga ɗaya a tsaye yana ɗinka buhu. Matattun garin nan sun daɗe suna cin gumina ban hana ba. Bana na mai rai ne."

Sale ya ce, "Wato abin da ake rufe Musulmi da shi, shi za a shimfiɗa wani ya taka da takalmi."

"Ran da Habu zai hau mota, kai za ka riƙe masa riga?"

Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya fita ba sallama.

Ban je bakin tabki ba ranar. Daga tsakar gida nake jin faɗuwarsu, kowace ta faɗi sai in ji a wuyana. Akwai abin da masu zagina ba sa faɗi, ni zan faɗa. Rassan duka na ce a kwashe a kai makabarta, aka kai, tsibi guda har ya fi mutum tsawo. Kafin sanyi ya wuce an sace fiye da rabi an dafa tuwo da shi, kuma na san gidajen da hayaƙinsu ke ƙamshin turare. Sauran, ƴan gawawwaki suka cinye. Gungumen kuwa kamiyo, babbar motar kaya, ya kai su Damagaram inda ake da injin tsagawa, suka dawo cikin buhuna. Da Habu ya kwance bakin buhu na farko sai da gabana ya faɗi. Bishiyar da tsuntsu ke gajiya kafin ya kai ƙolinta ta koma ƴan guntaye, tsawon taƙi da ɗan ɗori, faɗin yatsa uku, sumul kamar sabulu.

Ya ce ɗakina zai fara yi, ya gwada hannunsa a kan itacen kafin ya taɓa na alhaji. Ya fasa daɓen da matan garin nan suka buga mini da ruwan bagaruwa lokacin ina amarya, ya zuba siminti, ya bari ya sha iska. Sannan ya ɗaure tsumma a gwiwa ya durƙusa. Daga kusurwar gabas ya fara, inda nake salla, da guntayen wata tsohuwar bishiya da ta bushe a tsaye tun kafin a sare, ya ce launinta ya fi ja, ya fi dacewa da ni. Yana shafa baƙin kol mai danƙo, wato gam, yana jera su kai da kai, wannan ya karkata dama wannan hagu, kamar kitso. Yana yi yana waƙa da larabcin da ya kwaso can. Tun da ya dawo ban ga haƙoransa ba sai a kwanakin nan. Rabi ta zauna a bakin ƙofa da cikinta tana tsince wake.

Ta ce, "Inna za ta zama matar gwamna. Sai mun cire takalmi tun daga zaure."

Na ce, "In na zame na karye, ke za ki yi jinya."

Habu ya ce, "Ba za ki zame ba, Inna. Jikanki ma a nan zai koyi rarrafe, ba ƙasa zai ci ba."

Da ya gama ya goge ya shafa mai, ɗakin ya yi ta ƙyalli. Ban san ana iya yin abu mai kyau haka da hannun ɗan da na haifa ba. Mata suka yi ta zuwa kallo, su shafa da tafin ƙafa su yi dariya, su fita su tsaya bakin rijiya su zage ni. Sale ma ya zo, bai shiga ba. Ya tsugunna a ƙofa ya ɗauki guntu ɗaya daga ragowar, ya buɗe hannu ya auna shi da taƙi.

Ya ce, "Kabarin wa wannan zai haye? Ko an tuba yau, ba shi da amfani ga kowa."

Ya yar da shi ya tafi.

Habu ya kwashi sauran buhunan ya tafi Damagaram. Ya shimfiɗa falon alhaji, aka yaba. Ya aiko da shinkafa da sabulu da atamfa ta Rabi. Watannin nan su ne na yi barci kamar mutum. In na tura tsintsiya ƙarƙashin gado ta bugi bidon nan, sai in ce masa ka zauna nan har ka ruɓe.

Da rani ya kama sosai, sai na fara jin ƙas, ƙas, a ɗakin da tsakar rana, kamar ana taka busasshen kara. Na duba ban ga komai ba. Bayan kwanaki sai tsaga ta bayyana tsakanin guntayen, tun tana shan tsinke har ta koma shan yatsa. Wasu suka lanƙwashe suka ɗaga baki kamar ɓawon guna da ya sha rana. Kunama ta samu gida a ciki. Na shimfiɗa tabarma a kai, na ce wa Rabi in ta gaya masa a waya ni da ita ne. Wauta ce, don abin da ke faruwa a ɗakina shi ke faruwa a Damagaram. Daga baya muka gane. Can Aljeriya cikin kwali katakon ke zuwa masa, an daɗe da busar da shi, bai taɓa ganin shi yana bishiya ba. Mu kuwa mun sare su a ƙarshen damina, cike da ruwa, muka shimfiɗa da gaggawa don yunwa na bayanmu. Ba wanda ya ce a jira, don duk sanin da garin nan ya yi wa turare ɗanye ya san shi. Ɗanye ake sarewa, ɗanye ake jerawa a kabari, ya fi ƙarfi ya fi daɗewa. Ko babanku na raye da bai hango ba.

Ranar kasuwar Belbeji Habu ya sauka daga mota da kayan aikinsa a buhu. Direban ne ya ba mutane labari, shi bai faɗa ba. Alhajin ya kira shi gaban leburori, ya riƙa shurin guntayen suna tashi, ya sa aka ɓamɓare duka aka sa karo, wato tayil. Habu ya gaishe ni, ya wuce ɗakina, ya ɗaga tabarmar. Ya daɗe a tsugunne yana kallo.

"Inna, ina bidona?"

"Na ƙone shi."

"Ga bakinsa can ina gani."

Na ce, "A sake gwadawa. Yanzu ka san busasshe ake sawa."

"Da wane itace? Na cinye na Baba, na cinye sunanki. Na bi ta gaban Baffa Sale na gaishe shi, kai kawai ya ɗaga."

"Sunana nawa ne, ni na bayar. Ban ce ka mayar mini ba."

"Shi ya sa ba zan iya zama ina kallonki ba."

Akwai magana ɗaya da ta rage mini, kun san ta, kowace uwa na da ita. In ce in ya fita ƙofar nan ban yafe masa nonon da ya sha ba. Ta zo har bakina, na ji ɗacinta. Wataƙila da na faɗa da ya zauna. Amma na san jinin gidan nan. In ya danne kwana biyu ya tafi duk da haka, to da bakin uwa a kansa zai shiga Sahara, inda yayansa ya shiga da albarkata ma bai fita ba. Na haɗiye. Na durƙusa na jawo bidon da hannuna, na kakkaɓe yanar gizo-gizo, na tafi rijiya a gaban matan nan duka na cika shi, na jiƙa buhun. Da safe ya tsugunna a gabana na dafa kansa. Rabi ba ta fito ba. Ya kira daga Agadas, ya sake kira bayan ya ƙetare iyaka, ya ce ya samu wurin kwana, yana neman tsohon maigidansa. Daga nan ban ƙara jin muryarsa ba har yau da nake rubutun nan. Ban ce ya mutu ba, kada wata a cikinku ta ce.

Rabi ta haihu cikin zafin bazara, namiji. Aka sa masa sunan babanku, ni ina ce masa Angona. Kunnuwan Habu ne da shi sak. Bai yi arba'in ba gudawa da zazzaɓi suka kama shi. Muna ɗaura wa jaki amalanke za mu kai shi likita ya cika a cinyata, da hantsi. Ni na yi masa wanka. Ban gama naɗe shi ba na ji sallamar Sale a tsakar gida. Zan faɗi gaskiyarsa, ba da gori ya zo ba, idanunsa jajir suke.

Ya ce, "Yaya Kulu, an haƙa. Itace ne babu, mun duba ko'ina. Kara za mu sa."

"Kara? Jikan Malam Idi?"

"To me zan yi?"

Na ce ya jira. Na shiga ɗaki na yaye tabarmar, na ɗauko ruwan hauya. Ban ma sha wahala ba, sun riga sun saki simintin, taɓawa kaɗan sai su taso. Na fara daga bakin ƙofa, inda Rabi ta zauna tana tsince wake. Na cika faifai na fito na ajiye a gabansa. Ya tsugunna kamar yadda ya yi ran nan, ya ɗauki ɗaya, ya buɗe hannu ya auna. Ya daɗe bai ɗago ba.

Ya ce, "Zai haye. Na jariri ba shi da faɗi. Har da saura."

Ya tattara su a gaban rigarsa. Liman ya ɗauki yaron. Ni da Rabi muka tsaya a tsakar gida. Ta zauna da ni har damina ta biyu tana jiran waya, sannan iyayenta suka zo daga wajen Tenhya suka tafi da ita. Ban hana ba, ni na ɗaure mata kaya. In kun gan ta ku gaishe ta da mutunci, ba ta yi mana komai ba sai alheri.

A bazarar da Angona ya rasu ƙyanda ta shigo gari. Wanda ya fara zuwa mijin matar da ta fi kowa zagina ne a bakin rijiya, ba zan rubuta sunanta ba don jikokinta abokan naku ne. Ya yi sallama ya tsaya, bakinsa na motsi magana ta ƙi fita. Na ce, "Na goye ne ko mai tafiya?" Ya ce na goye. Na shiga na ɓamɓaro na ba shi. Bayan shi wasu suka biyo, wani da hantsi, wani da azahar. Ban hana kowa ba, ban tuna wa kowa abin da ya ce ba, ba don ina da kirki ba, don dai wanda ya zo da wannan buƙata an riga an gama da shi, ba sauran wurin duka. Manya ma sun mutu a shekarun, cikinsu har da yayar liman, kuma su guntayen Habu ba su haye nasu ba. Da kara da tubali aka rufe su, Sale ya jibga ƙaya a kai saboda dila. Wannan shi ne abin da garin ya ɗauka saboda ni, na sani, ba sai an gaya mini ba. Amma in aka mai da ni bayan rumbun nan, na sake tarar da shi da basilla a hannu, gatarin zan sake kira. Na samu watanni ɗana na gabana yana waƙa yana dariya. Matar da ta taɓa jiran labarin mota daga arewa ta zo ta gaya mini ita ba za ta yi ba. Sauran su yi mini shiru.

Kututturen sun sake tohowa, ba wanda ya zata. Na kewaye su da ƙaya, na yi faɗa da makiyaya da masu neman makamashi har suka kai kaurin damtse. Yanzu an koma sara don manya, kuma kowa sai ya tsaya a ƙofata ya yi sallama tukuna. Sale ya tsufa, yakan zo mu zauna a zaure, ba mu taɓa tayar da maganar ba. Ɗakina kun ga yadda yake. Daga ƙofa har ƙarƙashin gado siminti ne tsirara da baƙin sawun kol, zanen kitson na nan ba kitson. Kun sha cewa in bari ku sa a shafe, na ƙi. Yanzu kun san dalili.

Kusurwar gabas ce kawai ta rage, wadda ya fara da busasshiyar bishiyar nan. Ko guntu ɗaya bai ɗaga ba, ko tsinke ba ya shiga tsakani, kullum a kai nake salla. Ranar da ya dawo daga Damagaram tabarmar tsakiya ya ɗaga, bai duba can ba, ni kuma hankalina na kan bido ban nuna masa ba. Ina so ya gani. Ina so ya san ba hannunsa ne ya gaza ba. In na riga shi, Hadiza, ke za ki kama hannunsa ki kai shi kusurwar nan kafin ma ki ba shi ruwa. Kada ku sayar da ɗakin, kada ku shimfiɗa komai a kai.

In kuwa wani ya yi sallama ya tsaya a ƙofa magana ta ƙi fita, kuma a ranar ba a sami wani itace ba, to ki ɗauko ruwan hauya, yana bayan randa. Waɗannan za su yi gardama, sai kin sa ƙarfi. Ki ɓamɓare ki ba shi. In Habu ya zo ya tarar babu, ki gaya masa inda suka tafi, ki gaya masa ɗansa ne ya fara kwanciya a ƙarƙashinsu.

Allah ya sa ya zo ina nan.